Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Maraɗi: a sa ruwa da inuwa da hutu cikin cinikin barema

Mai girma Gwamna,
Shugabannin Majalisar Manoma ta Jihar Maraɗi,
Masu martaba iyayen ƙasa, ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne. Na yi aiki a ƙananan asibitocin karkarar jihar nan har na yi ritaya, na koma ga abin da na gada, wato noma. Ina da gonar jigawa ta gero da wake, da ɗan lambu a fadamar Gulbi. Ƙarfina ya ragu, ƴaƴana sun watsu neman na kansu, don haka kowace damina sai na ɗauki ƴan barema. A kansu na rubuto, kuma zan fara da laifina kafin in nemi gyara wurin kowa.

Wata damina da ta wuce ba da daɗewa ba, a lokacin noman farko, na ba samari bakwai jingar gonata. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa na tururi, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Na aje musu bido ɗaya mai cin lita 25 a bakin gona na koma gida. Wajen ƙarfe ɗaya na dawo da hura, na tarar da su sun yi cirko-cirko kan ƙaraminsu, yaron da bai kai shekara ashirin ba. Suka ce tun ɗazu yake sambatu yana kiran sunan uwarsa, ya yar da hauya, ya yi tangaɗi ya faɗi. Ɗaya na yi masa tofi, ɗaya ya lulluɓe shi da mayafi, domin a ganinsu iska ce ta tsakar rana ta taɓa shi. Da na ɗora hannu a wuyansa sai na ji kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Muka ja shi gindin aduwa, na cire mayafin da rigarsa, na ce a kawo ruwa. Abin da ya rage a bidon bai fi kwano biyu ba, shi ma ya yi ɗumi don a rana yake. Biyu suka ruga rijiya, mu kuma muna yi masa fifita da malafa. Muka yi ta kwara masa ruwa har ya fara gane mutane, sannan muka ɗora shi a amalanke zuwa asibiti, ana tafiya ana jiƙa shi. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Har yau abin na ci mini rai. Na san aikin jiki, na koyar da shi, amma na bar mutum bakwai da bido ɗaya a rana, ban nuna musu inuwa ba, ban ce su huta ba. Daga baya na ji cewa yaron bai fi kwana uku da dawowa daga birni ba, inda yake jiran shago, kuma ranar ce ta farko da ya riƙe hauya a shekarar. Ban tambaya ba. In wanda ya sani ya yi wannan sakaci, ina ga wanda ba a taɓa gaya wa ba?

Ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake a jiki, domin kan saninsa duk roƙona ya rataya. Zafin jikin ɗan Adam yana zama wajen digiri 37. Mai aikin ƙarfi jikinsa da kansa yana hura wuta daga ciki, rana kuma na ƙara masa daga waje. Babbar hanyar da jiki ke fitar da zafin ita ce zufa, kuma zufa ba ta sanyaya mutum sai ta bushe a fata. A bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin sassabe da kai taki, zafin Maraɗi yakan kai digiri 40 ya wuce, amma iska busasshiya ce, zufa na bushewa nan take, har mutum bai san yawan ruwan da ya fita daga jikinsa ba. A farkon damina kuwa awon zafi yakan ɗan sauka, sai dai iska ta cika da laima, zufa ta yi ta zuba ba ta bushewa, jiki ya kasa hucewa. Shi ya sa ranar gumi ta noman farko da ta maimai ba ta fi ranar bazara sauƙi ga mai hauya ba. Mai aiki cikin irin wannan yanayi yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya, wani ma fiye. Da farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja. In aka kai shi inuwa aka ba shi ruwa a wannan gaɓa, yakan warware. In ya ci gaba har zafin cikinsa ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa: sambatu, faɗa ba dalili, tangaɗi, farfaɗiya, suma. Daga nan ƙoda da hanta ke fara lalacewa, kuma mintoci ake ƙirgawa.

Mutanenmu sun san rana, amma ba su san ta da wannan fuska ba. In mutum ya faɗi a gona, a ce iska. In jikinsa ya yi zafi, a ce zazzaɓin sauro ne, a ba shi farasitamol, alhali wannan ƙwaya ba ta sauke zafin da rana ta sa. In bazara ce, a yi zaton sanƙarau, tunda lokacinsu ɗaya. Ban hana kowa addu'a ba, kuma ban ce a fasa zuwa asibiti ba, don likita ne zai tantance ko zazzaɓi ne ko sanƙarau. Abin da nake so kowane ƙauye ya haddace shi ne: wanda ya rikice ko ya suma a rana, a fara sanyaya shi nan inda yake, a ci gaba da sanyaya shi a hanya. Inuwa, a cire tufafi, a kwara ruwa tun daga kai har ƙafa, a yi fifita da ƙarfi, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi. In a lambu ne akwai kwarmin tara ruwa, a tsoma jikinsa ciki a tallabe kansa. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, yana iya shaƙe shi. Rabin awa na farko shi ne komai. Wanda aka goya a babur aka yi tafiyar awa guda da shi cikin rana ba a jiƙa shi ba, an ƙara masa cuta ne da kyakkyawar niyya.

Mai girma Gwamna, za a ce ai kaka da kakanni cikin ranar nan suka yi noma. Gaskiya ne, amma ranar ta canza. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu na farkon watan. Masanan da suka bi diddigin lamarin sun ce da ba don ɗumamar duniya ba da zafin bai kai haka ba. Mu da Mali sahel ɗaya muke ciki. A shekarar 2024 ɗin dai Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikata sama da biliyan 2.4 ne ke aiki cikin zafin da ya wuce kima, kuma kusan 19,000 na mutuwa ta dalilinsa kowace shekara. Ina da tabbacin ƴan baremarmu ba su shiga wannan lissafi yadda ya kamata ba, domin ni da hannuna na sha cika rajistar asibiti, kuma na san wanda rana ta kayar yakan shiga layin zazzaɓi ne. Roƙona ga hukumar lafiya ta jiha shi ne a riƙa rubuta bugun zafi da sunansa, a tambayi majinyaci inda yake da aikin da yake yi sa'ad da ya faɗi. Bayan shekara biyu za ku san watannin da abin ya fi tsanani da gundumomin da ya fi shafa, daga Dakwaro zuwa Madarunfa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani a ranar. A ƙasashen Nikaragwa da Salbado, dubban masu yankan rake sun mutu da ciwon ƙoda suna da ƙuruciyarsu, ba hawan jini, ba ciwon sukari. Bincike ya danganta abin da aikin ƙarfi cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, yau da gobe, shekara da shekaru. Da wata babbar gonar rake a Nikaragwa ta tilasta hutu cikin inuwa da shan ruwa a kan kari, raunin ƙoda ya ragu ƙwarai tsakanin ma'aikatanta. Kowa a nan ya san abin da wankin ƙoda ke yi wa dukiyar gida. Ɗan barema ba zai ko kusanci kuɗinsa ba.

Wane ne ɗan barema? Shi ne wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin ruwan shuka, ya bar tasa gonar cikin haki ya tafi ta wani don ya samo tiyar gero ta daren nan. Sau da yawa da yunwa yake fitowa. In jinga ce, kowane zama a inuwa ragi ne a kuɗinsa, don haka ba ya zama. In na yini ne, yana tsoron a ce rago ne a ƙi kiransa gobe. Wasu samarin har tiramol suke haɗiya don kada su ji gajiya, alhali gajiyar nan ita ce gargaɗin da jiki ke yi kafin ya faɗi. Ga mata, waɗanda ba a ma ƙirga su cikin ma'aikata: ta yi aikin gandu da safe, ta wuce gamanarta rana tsaka da goyo a baya, wata da tsohon ciki. Da kaka kuma su ne cikin ƙurar tonon aya da tankaɗenta. Jaririn da ke manne a bayan uwa ƙarƙashin zane ya fi ta saurin galabaita, kuma ba shi da bakin faɗa. Irin waɗannan mutane ba za su iya cewa mai gona ya ba su hutu ba. Sai wani da ya fi mai gona ƙarfi ya faɗa a madadinsu.

Ƙasarmu na da dokar ƙwadago ta 2012, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa. Amma barema ba takarda, da baki ake ƙulla ta a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci bayan asuba, kuma jami'in duba ma'aikata ba zai bi gonakin Mayahi da Tasawa da Gidan Rumji ɗaya bayan ɗaya ba. Waɗanda muryarsu ke kaiwa can su ne sarakuna, hakimai, masu gari da sarakunan noma. Shi ya sa na haɗa da iyayen ƙasa a wannan wasiƙa. Tun fil azal al'adarmu ta yarda cewa wanda ya kira gayya ko ya ɗauki barema, hura na wuyansa, kuma mai gonar da ya hana hura abin kunya ne a gari. Ina roƙon a ɗaga ruwa da inuwa da hutu zuwa wannan matsayi, da sanarwar Gwamna da bakin sarakuna, kafin damina ta kama.

Ga yadda nake ganin ƙa'idar, kuma na gwada ta a gonata. Mai aiki a zafi yana buƙatar kofi guda na ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20, ba sai ya ji ƙishi ba, kuma ba a so ya wuce lita ɗaya da rabi cikin awa. Wannan ya kama wajen lita shida ga mutum ɗaya a yini. Mutum goma ke nan bido uku, da na huɗu da za a aje don kwarawa in wani ya faɗi. Amalanke ɗaya ya ɗauke su. Ruwan kuma ya kasance mai sanyi, don mai ɗumi ba ya shiga, mutum ya kurɓa ya aje. Ba mu buƙatar ƙanƙara. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da ke bushewa a bayansu, salka ma haka. Bido in aka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara aka sa a inuwa inda iska ke kaɗawa, shi ma yana sanyi. Da wannan hikimar ce wani malami ɗan Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Matan da ke ginin tukwane a ƙauyukanmu za su samu ciniki. Abu ɗaya da za a hana da babbar murya shi ne zuba ruwan sha a galan ɗin da aka taɓa sa maganin feshi, komai wankinsa. Hura da kunu su ci gaba da zuwa, domin suna mayar da ƙarfi, abinci mai ɗan gishiri kuma yana mayar da abin da zufa ta kwashe. Wanda ya galabaita amma yana cikin hankalinsa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Hutu kuwa, a fara aiki da sanyin asuba, a ɗaga hauya daga wajen sha biyu zuwa uku a ranakun tsananin zafi, a ƙarasa da la'asar. Tsakanin haka, kowace awa a ɗan zauna a inuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. Saudiyya, inda ƴaƴanmu da yawa ke aiki, ta hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Katar ta faɗaɗa nata daga goma na safe zuwa uku da rabi a 2021. Jihar Kalifoniya ta Amurka tun 2005 ta wajabta wa masu gonaki ruwa da inuwa bayan mutuwar wasu ma'aikata. Sai dai a kula: in aka sa hutu aka bar mai gona ya rage lada, an cuci ɗan barema sau biyu. Dole sanarwar ta ce hutun zafi cikin yini yake, ba a yanke ko dala a kansa. Sabon zuwa kuma, ko wanda ya tashi daga ciwo, a sassauta masa a kwanakin farko, domin jiki na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Darasin da yaron nan ya koya mini ke nan.

Maganar inuwa ita ce inda Maraɗi ke da abin alfahari. A nan aka fara sassaben zamani a farkon shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa renon tohon da ke fitowa. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a Agye sun yi suna a kansa, aikin ya bazu har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 a faɗin ƙasa, gwamnati ta fitar masa da doka a 2020. An yi shi don ƙasa da itace da abincin dabbobi, amma kowace bishiya a gona rumfa ce ga mai noma. Sai dai manomi ya san halin gawo: da rani yake ganye, da damina ya kaɗe, lokacin da mai hauya ya fi neman inuwa. Don haka malaman gona su riƙa ba da shawarar a bar aduwa ko kanya ko tsamiya, ko a dasa bedi a bakin gona, takanas don wurin hutu. Inda babu itace, sanda huɗu da zana ɗaya sun isa rumfa. A filin noman rani na Jirataua da lambunan da ke kewaye da tafkin Madarunfa, inda ake aikin zogale da albasa da tattasai har cikin tsakiyar bazara, ina roƙon hukumar ONAHA mai kula da filayen noman rani da ƙungiyoyin manoma su kafa rumfuna da randuna a tazarar da mutum zai kai cikin ƴan mintoci. Ruwa na gudana a wurin, abin takaici ne a ce an rasa na sanyaya mutum.

Hukumar hasashen yanayi tana sanin zafi mai tsanani kwanaki kafin ya iso. A riƙa miƙa wa gidajen rediyon Maraɗi da na karkara wannan labari da Hausa da Fulatanci da Tamajak, da magariba, lokacin da ake shirya aikin gobe, a faɗa da kalmomin da manomi zai yi aiki da su: gobe a tashi daga gona da hantsi. Wakilan lafiya na ƙauyuka, waɗanda suka iya auna dantsen yaro da raba maganin rigakafin zazzaɓi, yini ɗaya ya ishe su su koyi sanyaya wanda rana ta buge, su kuma su koya wa sarakunan noma da shugabannin samari. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar binciken noma ta Tarna suna da ɗalibai da masana da za su iya auna zafin gonakinmu wata-wata, su gaya mana sa'o'in da suka fi haɗari a jigawa da fadama. Malamanmu ma ina roƙonsu da ladabi. Sun fi ni sanin hukuncin mai azumin da ƙishi ya kai shi ga tsoron halaka. Su bayyana shi a huɗuba, don na ga mutanen da suka gwammace su faɗi da a ce sun sha ruwa, su kuma tunatar da masu gona cewa ma'aikaci amana ne a hannunsu.

Ƴan'uwana masu gona za su ce shekara ta yi tsada, taki ya hau, ladan barema ya hau. Na sani, ina cikinku. Amma na lissafa abin da na ƙara kashewa tun bayan ranar nan: randa biyu, buhunan da na riga nake da su, zana, da zuwan amalanke rijiya sau biyu. Bai kai kuɗin da na biya a asibiti a yini ɗaya ba. Aikin kuma bai ragu ba, don wanda ya huta ya sha ruwa mai sanyi noman la'asar ɗinsa ya fi na wanda ya yini yana jan ƙafa.

Yaron nan ya sake zuwa gonata da damina ta zagayo. Shi na ɗora wa kula da randa da kiran hutu, kuma da bakinsa yake ba sababbin zuwa labarin abin da ya same shi, suna sauraronsa fiye da yadda suke saurarona. In Majalisar Manoma ta kira taron sarakunan noma kafin ruwan shuka, a shirye nake in zo da shi da bido da malafa da tsumma, mu nuna yadda ake yi a gaban kowa, ba tare da an biya mu ko sisi ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya da nisan kwana.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikacin lafiya, manomi a bakin Gulbin Maraɗi